Keken kwalta na farko da na saya wa uwargida, da shagon da muka same shi a Damagaram

Shekara 11 ke nan ina hawan keken tsere, kuma kusan kowace safiya bayan sallar asuba nakan ɗauki hanyar Miriya in dawo kafin rana ta yi zafi. Da likita ya gaya wa uwargidana cewa jininta yana hawa, kuma dole ta riƙa motsa jiki, ita da bakinta ta ce za ta riƙa bi na, ko da yake rabonta da keke tun tana ƴar makarantar firamare, lokacin da take satar hawan na yayanta a tsakar gida. Kuskuren farko nawa ne, domin na sauke sirdin tsohon Peugeot ɗina har ƙasa na ce ta gwada. Firam ɗinsa, wato gangar jikin keken, santimita 58 ne, ita kuwa tsawonta bai wuce mita 1 da santimita 60 ba, saboda haka sai da ta miƙe kamar mai ɗauko kaya daga saman rumbu kafin yatsunta su taɓa birki. Ta sauka ta ce, “Malam, idan wannan ne maganin, gara a bar ni da ƙwayoyin asibiti.”

Shagon da wani abokin hawana ya kwatanta mini yana nan kusa da Kasuwar Dole, kuma kekunan gwanjo na ƙasashen Turai ne mafi yawan kayansa, an rataye su a jikin bango da rufi har mutum sai ya sunkuya. Na je ranar Alhamis, wadda ita ce ranar cikar kasuwa, kuma ban ba kowa shawarar ya yi haka ba, domin mai shagon yana magana da mutum uku a lokaci guda. Duk da haka, tambayar da ya fara yi mini ita ce wane ne zai hau, kuma da na ce iyalina ce, sai ya mayar da keken da ya fara saukowa da shi, ya ce, “Malam, tela ba ya yanka riga sai ya ga mai ita. Ka zo da Hajiya ranar Asabar da safe.” A lokacin na ji haushi, don ina ganin na fi shi sanin keke, amma wannan ƙin sayarwar ne abin da ya fi komai daraja a cikin hidimarsa.

Ranar Asabar ya sa ta tsaya da keke a tsakanin ƙafafunta, tafukanta biyu a ƙasa, ya duba ko akwai sarari tsakaninta da sandar sama ta firam. Daga nan ya riƙe mata keken ta zauna, ya sa ta ɗora dunduniya a kan feda lokacin da fedar take can ƙasa, ya yi ta ɗaga sirdi har ƙafar ta miƙe sarai, domin idan ta mayar da gaban ƙafa kan fedar gwiwa za ta ɗan lanƙwashe kaɗan, kuma haka ake so. Ya ce mai tsawonta firam na santimita 48 zuwa 50 ne ya dace da ita, wanda hakan ya rage mana zaɓi zuwa kekuna uku kacal a cikin shagon duka.

Wanda ya ɗauki hankalina baƙi ne mai firam ɗin kabon, wani abu da ba ƙarfe ba, mara nauyi har ana iya ɗaga shi da yatsu biyu, kuma ba zan ɓoye ba, don kaina nake sha'awarsa. Mai shagon bai kushe kayansa ba, sai dai ya tuna mini da abin da na riga na sani na yi kamar na manta: kabon yana iya tsagewa ta ciki ba tare da ido ya gani ba, ba a san faɗuwa nawa keken gwanjo ya yi kafin ya iso nan ba, kuma mai walda ba shi da abin da zai yi masa. Sabon mahayi kuwa sai ya faɗi, ko da a tsaye ne a bakin ƙofa. Na biyun na ƙarfe ne, tsoho mai kyau, wanda kowane mai walda a Sabon Gari zai iya gyarawa, amma giyarsa a jikin firam take, sai an saki hannu ɗaya an sunkuya kafin a canza ta, kuma faya-fayan sarƙarsa na gaba masu haƙora 52 da 42 sun yi wa mai koyo nauyi. Na ukun shi muka ɗauka: firam ɗin alminiyam, sandar sama a karkace zuwa ƙasa, hannu miƙaƙƙe maimakon lanƙwasasshen nan mai kama da ƙahon rago, da taya mai faɗin milimita 32.

A kan tayar nan ce muka fi daɗewa muna jayayya, kuma ita ce abin da nake so duk mai irin wannan niyya a garinmu ya fi lura da shi. Kekunan tsere na asali suna zuwa da siririyar taya mai milimita 23 ko 25, wadda ake cika wa iska har ta yi tauri kamar dutse. A kan kwalta mai santsi tana gudu, amma wane ne a cikinmu yake fita daga ƙofar gidansa kai tsaye zuwa kwalta? Daga gidanmu sai an ratsa lungu mai rairayi, kuma ko a kan babbar hanyar ma iska tana tara yashi a gefe, daidai inda mai keke yake komawa idan babbar mota ta taho. Siririyar taya tana nutsewa a cikin yashi ta karkatar da kan keke, wanda ya saba zai iya riƙewa, amma mai koyo ƙasa zai je. Mai faɗin 32 ba a cika mata iska har ta yi tauri kamar siririyar, saboda haka tana shanye girgizar ramuka, ba ta gajiyar da wuyan hannu, kuma ba ta saurin cizon tiyub idan an daki bakin rami. Tsidau dai ba ya jin tsoron kowace taya, kuma bayan damina gefen hanya cike yake da shi, don haka na ƙara kuɗi aka sa mata mai kaurin baya. Bambancin gudun da nake tsoro kuwa bai taɓa damun mu ba, tun da ba tsere muka fito ba.

Miƙaƙƙen hannu shi ma na yi ta raina shi, domin a wurin masu hawa irina keken kwalta ba ya cika sai da lanƙwasasshen hannu. Amma tafin hannunta ƙarami ne, kuma a kan miƙaƙƙen tana kama birki da yatsu biyu ba tare da ta sauya riƙo ba, tana zaune kanta a sama tana ganin ƴan kabu-kabu da amalanken shanu tun daga nesa. Karkatacciyar sandar kuma ta warware matsalar sutura, wadda ni ko tunaninta ban yi ba sai da ita ta tayar da maganar. Tana hawa da wando a ƙarƙashin riga mai kai wa gwiwa da gajeren hijabi, kuma mai shagon ya ba ta shawarar ta riƙa ɗaure ƙafar wandon dama da roba, saboda irin wannan keke ba shi da murfin sarƙa kamar tsofaffin Raleigh na iyayenmu. Giya takwas ce a baya, biyu a gaba, ta kamfanin Shimano, wanda kayan gyaransa ba su da wuyar samu, kuma birkin na roba ne mai kama bakin wili, wanda kowane mai gyara ya san shi.

Jaka 90, wato sefa dubu 90, ya fara faɗa, muka tsaya a jaka 80 tare da canjin tayar da hular kwano. Ban ce ya yi arha ba, amma ban ji an cuce ni a kan farashin ba.

Inda na ga gazawarsa guda biyu ne. Na farko, bai gaya mana cewa sarƙar ta ci ba, kuma mutumin da ya auna ƙafar mai hawa da wannan natsuwa ba zai ce bai lura ba. A mako na biyu ta fara tsalle a kan ƙananan haƙora idan aka taka da ƙarfi, da na sa ma'auni sai na tarar mahaɗai 12 sun zarce santimita 30 da rabi da ya kamata su tsaya a kai. Ya karɓi keken ba gardama ya canza, amma ni na biya kuɗin sabuwar sarƙar, aikin ne kawai ya yafe. Na biyu, bawul ɗin tayoyin siriri ne, irin wanda ake kira na Faransa, kuma bakin famfon yawancin masu faci na bakin hanya na bawul ɗin mota da babur ne. Ni ina da famfona a gida, amma ranar da uwargida ta fita da ƙanwarta tayar baya ta sace, sai da suka turo keken tun daga bakin gari, saboda ɗan ƙaramin mahaɗin tagulla da ake ɗaura wa bawul ɗin, wanda bai fi ƙwayar gyaɗa ba, bai zo a cikin cinikin ba. Ya kamata mai sayar da irin waɗannan kekuna ya riƙa haɗawa da shi ko ba a tambaya ba, da tiyub ɗin ajiya guda, domin wilinsu mai lamba 700 ba ɗaya yake da na manyan kekunan da aka saba da su ba, kuma ba kowane mai tebur ne yake ajiye girmansa ba.

Sirdin da keken ya zo da shi siriri ne, ya dame ta a kwanakin farko, kuma a nan mai shagon ya kyauta, don ya musanya mata da mai ɗan faɗi ba tare da ƙarin ko dala ba, ya kuma hana ta ɗaukar wani mai laushi kamar katifa da ta nuna, yana cewa laushin da ya yi yawa shi ne yake goge fata a doguwar tafiya. Ya kuma gargaɗe ta da kada ta riƙa zuba wa sarƙa baƙin man inji, domin ƙurar hunturu tana manne masa ta zama kamar dutsen wasa wuƙa. Ɗigo kaɗan na mai mara kauri ya isa, sannan a goge da tsumma.

Yanzu wata uku ke nan. Ta fara da kilomita 3, muna juyawa tun ba mu bar gidajen gari ba, sannan 6, sannan 10. Lahadin da ta wuce muka kai Miriya, kimanin kilomita 18, muka tarar ana shimfiɗa tukwane a kasuwa. Ta sayi ƙaramin tulu, ta ce ni zan ɗauko shi a bayana tun da ni ne gwani, kuma a kan hanyar dawowa sau biyu tana tsayawa a inuwa tana jira na.