Kursiyin Sarki Sulemanu a wasan coci: katako ko kwali?

Malaman makarantar Lahadi suna yawan tambayar da me za a haɗa kursiyin Sulemanu idan za a nuna ziyarar sarauniyar Sheba. Siffarsa tana cikin Littafi Mai Tsarki, a 1 Sarakuna 10:18-20: hauren giwa da aka dalaye da zinariya, matakai 6, zaki biyu a gefen mazaunin, wasu 12 a kan matakan. 2 Tarihi 9:18 ya ƙara da matashin ƙafa na zinariya. Masu fassara da yawa suna ɗaukar zakokin 12 a matsayin kabilun Isra'ila, don haka kada a rage su.

Kwali ya fi arha nesa ba kusa ba, gam da almakashi da fenti ruwan zinariya sun wadatar, zakoki kuma sun fi sauƙin yankawa. Matsalarsa ita ce ba ya ɗaukar mutum. Dole a ɗora kujerar gaske a kan dakali, matakan su zama ado kawai. Danshin damina ma yana lanƙwasa shi.

Katako sai kafinta. Mataki 6, kowanne inci 6, tsayin ya kai ƙafa 3, faɗuwa daga nan kuwa ba wasa ba ce ga yaro mai doguwar riga. A sa tokara ƙarƙashin kowane mataki, a shafa maganin gara. Zai yi shekaru, in akwai wurin ajiya.

Ajin yara mai wasa sau ɗaya, kwali ya ishe shi. Cocin da ke wasa kowace shekara, mai ɗakin ajiya, katako ya fi masa.