Wata takwas ina ɗaga ƙarfe a wani jim a Kano: abin da ya canza a jikina da abin da ya ƙi canzawa

Ranar da na fara zuwa wurin, a watan Oktoba, nauyina kilo 57 ne, tsawona mita 1.78, shekaruna 31. Duk gidanmu haka muke. Mahaifinmu har Allah Ya yi masa rasuwa bai taɓa ajiye tumbi ba, yayyena maza biyu su ma dogaye ne sirara, ni kuwa tun muna makarantar allo ake ce mini sillen kara. Abin da ya kai ni ke nan: ina son faɗin kafaɗa, ina son in sa riga ta zauna a jikina. A bakin ƙofar jim ɗin akwai allo mai hoton mutum biyu, ɗaya ramamme ɗaya ƙaƙƙarfa, an rubuta cewa cikin wata uku za a canza maka ƙirar jiki. Na biya Naira 15,000 kuɗin wata, na shiga.

Wurin kansa ba shi da laifi sosai. Ƙarafa sun wadata, benci huɗu ne, akwai tsafta, kuma an ware wa mata lokacinsu da hantsi, abin da ya sa matata ma ta fara tunanin zuwa. Injin gudu biyu ne, amma ɗaya tun zuwana yake a lalace har yau. Idan wuta ta ɗauke ba a cika tayar da janareta ba sai mutane sun taru, kuma a zafin watan Afrilu ɗaki marar fanka azaba ne. Bayan la'asar cunkoso yake yi, sai ka yi minti goma kana jiran benci. Ni bayan sallar Asuba nake zuwa, sau uku a mako.

Kocin shi ne ya fi komai daraja a wurin, kuma shi ne ya faɗa mini maganar da ba ta tabbata ba. A ranar farko ya kama tsintsiyar hannuna, ya zagaye ta da babban yatsansa da na tsakiya har suka hau juna, ya ce, "Malam, kai ektomof ne. Ka ba ni wata shida, in sha Allah zan mai da kai mesomof." Da na koma gida na bi diddigin kalmomin. Wani Ba'amurke masanin halayyar ɗan Adam, William Sheldon, shi ya fito da su a 1940. Ya kasa mutane kashi uku: siriri (ektomof), mai tsoka (mesomof), da mai ƙiba, har ya yi iƙirarin cewa halin mutum yana bin ƙirar jikinsa, maganar da masana suka yi watsi da ita tuntuni. Abin da ya fi ɗaukar hankalina shi ne, shi kansa Sheldon ɗin cewa ya yi ƙirar ba ta canzawa. Wato ko a wurin mai kalmar, alkawarin da aka yi mini ba shi da madafa.

Amma wajen aiki, koci ya san abin da yake yi. Ya hana ni taɓa ƙarfe mai nauyi har mako uku, sai sandar kawai, yana gyara mini tsayuwa. Idan zan ɗauko ƙarfe daga ƙasa sai ya ɗora tafinsa a gadon bayana ya ce, "Miƙe nan, Malam, da ƙafa ake ɗagawa, ba da baya ba." Ya sa na sayi ɗan littafi ina rubuta nauyin da na ɗaga kowace rana. Da kilo 30 na fara tsugunno da ƙarfe a kafaɗa, yanzu ina yi da 75. Ciwon bayan da zaman shago ya sa mini ya tafi, ina hawa bene ba haki, barcina ya gyaru. Waɗannan ba don su na je ba, amma su na fara samu.

Wahalar gaske a kwano take. Mai son ƙara tsoka ana ba shi shawarar ya riƙa samun furotin, sinadarin gina jiki, kamar giram 1.6 a kan kowane kilo na nauyinsa a rana, wato ni kusan giram 90, alhali ƙwai ɗaya giram 6 kacal yake bayarwa. Sai na koma wa wake, awara, ƙosai, gyaɗa, kindirmo da kifi, ina cusawa ko ba na jin yunwa. Kuɗin abincin ya ninka kuɗin jim ɗin, kuma ba wanda ya gaya mini haka ranar da nake biya. Da azumi ya zo na rage zuwa sau biyu a mako bayan tarawihi, na sauke kilo ɗaya da rabi, sai bayan Sallah na mayar.

Da wani maƙwabcina muka fara rana ɗaya. Shi kilo 96 ne, gajere mai faɗin ƙugu, tumbi yake son saukewa. Kullum sai ya yi motsin ciki sau ɗari biyu, amma fuskarsa da wuyansa ne suka fara faɗawa, tumbin sai can daga baya, domin jiki ba ya ƙona kitsen wurin da kake motsawa kaɗai, shi yake zaɓar inda zai fara cirewa. Yanzu yana kilo 87, ya fi da kyan gani nesa ba kusa ba, amma har gobe gajere ne mai faɗin ƙugu. Akwai kuma wani yaro ɗan shekara 22 da ya zo bayanmu, cikin wata biyu ƙwanjinsa ya cika hannun riga, da irin ƙarfen da nake ɗagawa. Ba zan ɓoye ba, abin ya sosa mini rai, har na yi mako guda ban je ba. Abin da ya kwantar mini da hankali shi ne wani bincike da Claude Bouchard da abokan aikinsa suka wallafa a 1990 a kan tagwaye masu kama ɗaya, haihuwa 12, a Kanada. An ƙara musu kalori (ma'aunin kuzarin abinci) 1,000 a kan abincinsu na rana, kwana shida a mako, tsawon kwana 100. Wani ya ƙara kilo 4 da ɗoriya, wani ya haura 13, kuma kowane ɗan tagwai ya fi kusa da ɗan'uwansa a yawan abin da ya ƙara. Abinci ɗaya, jiki daban. Barewa ba ta gudu ɗanta ya yi rarrafe.

Babban ƙorafina shi ne abin da ake yi a ɗakin canza kaya. A wata na uku wani da ke yawan zuwa ya ja ni gefe ya nuna mini ƙwayoyi a leda, ya ce, "Yallaɓai, wannan wahalar da kake sha ba za ta kai ka ba, ga gajeriyar hanya." Na karɓi ɗaya na kai wa ƙanwata ma'aikaciyar jinya. Tana gani ta ce, "Yaya, deksametason ne, irin sha-ka-fashen nan. Kada ka kuskura." Ta ce ruwa da kitse yake tarawa, fuska ta kumbura, yana iya jawo ciwon suga da hawan jini, yana raunana ƙashi, kuma tsokar da nake nema ma cinye ta yake yi. Na kai maganar ga masu wurin, aka ce za a duba. Har makon jiya na ga mutumin. Yara 'yan shekara 18 suna shiga ɗakin nan, kuma allon da ke bakin ƙofa shi ke tura su hannunsa, domin idan wata uku ya cika ba su ga jikin da aka yi musu alkawari ba, sai su ɗauka ƙwaya ce ta rage.

Gab da Babbar Sallah na kai ɗinki wurin telana, wanda yake da awona na bara a littafinsa. Ya zagaya tef a ƙirjina, ya duba littafi, ya sake zagayawa. "Alhaji, inci uku ka ƙara a ƙirji, damtse ɗaya da rabi." Ya ɗora tef daga ƙashin kafaɗa zuwa ƙashin kafaɗa, ya ce rabin inci ne kawai, shi ma nama ne. Tsawon hannu, tsawon wando, maɓallin tsintsiyar hannu, duk bai taɓa alƙaluman bara ba. Ƙashi idan ya gama girma a ƙarshen ƙuruciya ba ya ƙara tsawo. Nauyina ranar kilo 63 ne. Wanda bai san ni ba, in ya gan ni cewa zai yi ga wani siriri, amma kaftanin ya zauna, kuma Hajiyarmu da ta gan ni ranar idi cewa ta yi, "Kai kuwa ka yi kyau, kamar Malam yana saurayi."

Na sabunta rajistata na wata uku, saboda kocin da kuma natsuwar wurin bayan Asuba. Ranar da na biya na sake roƙon manajan abu uku: a gyara injin gudun nan, a hana mai leda shiga, a kuma sauke allon bakin ƙofa.