Waƙa da tafi ko wasan kasuwa: wanne ya fi a ajin Turanci?

Yaro Bahaushe a Garwa yana jin Hausa a gida, Fulatanci a unguwa, Faransanci a aji, sannan a ɗora masa Turancin Ingilishi, tunda shi ma harshen hukuma ne a Kamaru. Kansa ya riga ya cika, dole malama ta shigo ta hanyar wasa.

Waƙa da tafi ba ta cin ko dala. Ajin da ya cika maƙil ma kowa zai buɗe baki, har mai kunyar da ke can baya. Kwanakin mako, ƙirge, sassan jiki, duk suna zama daram. Matsalarta ita ce haddar aku: yaro ya rera tiryan-tiryan, ka ɗaga yatsu bakwai ka tambaye shi, sai ya koma daga ɗaya.

Wasan kasuwa kuwa sai an sha ɗawainiya. A jera gwangwanin tumatur, albasa da sabulu, a yanka takarda a matsayin sefa, wannan ya sayar, wancan ya taya. A nan yaro ke ƙera jimla da kansa, domin yana son kayan. Akwai ma wani ƙulli mai daɗi: mu da dala muke ƙirga kuɗi, Turanci kuwa da faran. Dala ɗaya faran biyar ce, wato dala ashirin faran ɗari ke nan, sai ka ga ƙaramin ɗan kasuwa ya tsaya yana lissafi da yatsu. Hayaniya dai kamar babbar kasuwar Marwa, kuma 'yan kaɗan ne ke samun zagaye kafin a tashi.

Ni kam, 'yan aji ɗaya waƙa nake ba su. Kasuwa sai ranar Juma'a, ga waɗanda suka fara haɗa kalmomi.