Taswirar Najeriya ta katako da yara ke harhaɗawa: ra'ayina bayan na saya

Assalamu alaikum iyayen yara, musamman mu da zama ya kawo mu Legas. Akwai wani kayan wasa da ya shigo shagunan littattafan makaranta, ni a nan Agege na samu nawa, taswirar Najeriya ce ta katako an yayyanka ta, kowace jiha da guntunta da kalarta, jihohi 36 ga na Abuja daban, yaro ya zube su a tabarma ya dinga mayar da kowace gurbinta. Cikin kwalin kuma akwai katuna, jiha ɗaya kati ɗaya, an rubuta babban birninta da shekarar da aka ƙirƙiro ta da ɗan wani labari na ban sha'awa.

Kuɗinsa ba kaɗan ba ne gaskiya, amma ni dai ban yi da na sani ba. Kun san yaranmu na nan, a makaranta an sa su haddace Abia Umuahia, Adamawa Yola, Akwa Ibom Uyo, suna rera shi kamar waƙa har su kai Zamfara Gusau ba gargada, amma ki ce su nuna miki inda Jigawa take sai ido ya raina fata. A wajensu Arewa gari ɗaya ne da ake shiga mota a je da sallah. Wannan abin ya daɗe yana ci min rai wallahi.

Toh a nan ne katakon ya yi min aiki. Na zaunar da su muka bi hanyar gida da yatsa, daga Legas mu shiga Ogun, mu wuce Ibadan a Oyo, Ilorin a Kwara, mu haye gadar Jebba mu faɗa Neja, sai Kaduna, Zariya, Kano. Da babban ya ɗaga guntun Neja ya ga ya cika masa tafin hannu sai ya ce shi ya sa in mun shiga cikinta ba ma fita da wuri kenan, na ce ƙwarai kuwa, ita ce ta fi kowace jiha faɗin ƙasa. Ita kuma ƙanwarsa guntun Legas ta ɗauka tana jujjuyawa, ɗan mitsitsi, ta ce Mama duk gosulon nan da danfo da mutanen Oshodi a cikin wannan suke? Ta ƙi yarda sai da Abbansu ya dawo daga kasuwa ya tabbatar mata Legas ce mafi ƙanƙanta a faɗin ƙasa.

Inda na fi jin daɗinsa shi ne wajen tarihin jihohin, don abin da baki zai sha wuyar bayani hannu na nuna shi nan take. Ki haɗa Sakkwato da Kebbi da Zamfara wuri guda ki ce musu da duk jiha ɗaya ce, aka cire Kebbi a 1991, Zamfara kuma a 1996. Haka Kano da Jigawa, Borno da Yobe, Bauchi da Gombe, Kaduna da Katsina da aka raba a 1987. Daga nan sai labari ya zo da kansa, Gowon ya yi jihohi 12 a 1967, Murtala ya mayar da su 19 a 1976, zamanin Babangida suka kai 21 sannan 30, Abacha ya cike su 36 a 1996. Kuma sun sha mamaki da jin cewa nan Legas ɗin da suke zaune ita ce babban birnin ƙasa har zuwa Disambar 1991 da aka koma Abuja.

Katunan ne dai ban gamsu da su ba. Na farko Turanci ne zalla, kakarsu ta so ta sa baki ba hali sai an fassara mata. Na biyu labarin ya yi tsurku. Wasu an yi ƙoƙari, na Kogi an faɗi haɗuwar kogin Neja da Binuwai a Lokoja, na Kebbi akwai bikin kamun kifi na Argungu, na Bayelsa an kawo Oloibiri inda aka fara samun man fetur a 1956, na Neja kuma dutsen Zuma har yaran suka nemi in ciro naira ɗari su gan shi a jiki. Amma a ce katin Katsina ba rijiyar Kusugu ta Daura, ba hasumiyar Gobarau, na Kano ba marinar Ƙofar Mata ba dutsen Dala? Yaro sai ya ɗauka Kano a 1967 aka fara ta. Biro na ɗauka na cike bayan katunan da Hausa, na Bauchi ma na ƙara musu Yankari da ruwan ɗumi na Wikki.

Sai maganar ƙarko. Katakon da kauri ba laifi, fentin ne damshin Legas ya fara ɗaga shi ta gefe-gefe, katunan kuma takarda ce mara ƙwari, ruwa ya taɓa shikenan. Sannan dan Allah mai yaro mai rarrafe ta kula sosai, guntayen Legas da Anambra da Imo da Ekiti ƙanana ne, baki za su tafi kai tsaye.

Ga 'yan firamare ina ba da shawarar a saya, amma fa sai uwa ko uba sun zauna da su, in aka miƙa musu kawai aka tashi wasan jifa za su mayar da shi. Kuma ku sa mai shago ya buɗe kwalin a gabanku ku ƙirga guntayen sun cika 37 kafin ku biya, a gida kuma ku nemi ƴar roba mai murfi ku dinga zuba ƙananan a ciki.