Ziyarar Ɗa'ifa daga Makka: bas mai jagora ko shatar ƙaramar mota?

Hajiya, kin ce za ku je umara ke da Mama da yaranki biyu, kamfanin da ya yi muku biza ya sa ziyarar Ɗa'ifa ta yini ɗaya a babbar bas tare da malami mai jagora, amma wasu na ba ki shawarar ku ɗauki shatar ƙaramar mota ku tafi abinku. Kina tambayar wanne ya fi.

Abin da mutane ba sa faɗa miki shi ne, sau da yawa motocin biyu ba hanya ɗaya suke bi ba. Daga Makka zuwa Ɗa'ifa manyan hanyoyi biyu ne. Akwai ta Hada, wadda ke wucewa ta gefen Arfa, ta ratsa Wadi Nu'uman, sannan ta kama hawan dutsen Kara, kwana bayan kwana, har ta kai ki tudun da ya kai kusan mita 2,000 a kan teku. Ita ce gajeriya, tafiyar ba ta wuce kilomita 90 ba, kuma ita ce mai kallo. Akwai kuma ta Sail, wadda ta fi tsawo amma hawanta a hankali yake, ba za ki ma ankara kina hawa ba. Yawanci manyan bas ta Sail suke bi, ƙananan motoci kuma ta Hada. Saboda haka wanda ya dawo yana zuzuta duwatsu da gajimare a ƙasan ƙafarsa, da wanda ya dawo yana cewa bai ga komai ba sai kwalta da fako, duk gaskiya suka faɗa.

A ɓangaren kallo, ƙaramar mota ta yi wa bas fintinkau. A hanyar Hada direba zai iya tsayawa inda aka tanada, ku fito ku leƙa ƙasa ku ga titin da kuka baro ya nannaɗe a jikin dutse, motoci sun koma ƙanana. Iska ta canza, zafin Makka ya ɓace, kunnuwa su toshe. Ga gwaggon biri garke-garke a kan katangar bakin titi, uwa da ɗanta manne a ciki, suna jiran a jefa musu ayaba. Yara za su so wannan fiye da komai, sai dai ki riƙe su, ki kuma rufe gilashi, domin birin nan ba ya jin kunyar fizge leda daga hannun mutum. A can sama kuma akwai keken igiya da ke sauka daga Hada zuwa ƙauyen Kar, tafiyar kusan kilomita 4 a rataye. Wasu bas ɗin suna kai mutane wurinsa, amma kuɗinsa daban ne, kuma in layi ya yi tsawo jagora zai ce lokaci ya ƙure.

Amma fa kwanar Hada ba ta kowa ba ce. In Mama mota na juya mata ciki, ko tana fama da jiri, wannan hawan zai wahalar da ita. Wani lokacin ma hukuma na rufe hanyar in hazo ya yi yawa ko aka yi ruwan sama, sai kowa ya koma Sail, mai shata da mai bas.

Inda bas ta ɗauki fansa shi ne tarihi, kuma a ganina saboda shi ake zuwa Ɗa'ifa. Wuraren ziyarar ba su da girma, ba su da ado. In aka ajiye ki a unguwar Masna ba tare da mai bayani ba, ƙaramin masallacin duwatsu za ki gani da sauran lambu, minti biyar kin gama, ki ce a tafi. In kuwa malami na gaba yana tuna muku cewa a shekara ta 10 da aiko shi Annabi (SAW) ya zo garin nan shi da Zaidu ɗan Harisa, bayan rasuwar Abu Ɗalib da Nana Khadija, yana neman Banu Saƙifa, ƙabilar Ɗa'ifa, su karɓe shi. Cewa shugabanninsu uku, Abdu Yalil da Mas'ud da Habib, sun ƙi shi, suka tura yara da wawayensu suka yi ta jifarsa har ƙafafunsa suka yi jini. Cewa ya fake a lambun Utba da Shaiba 'ya'yan Rabi'a, suka aiko bawansu Addas, Kirista mutumin Ninawa, da inabi, Addas ya ji an ambaci Annabi Yunus ya sunkuya yana sumbatar hannun Annabi (SAW) da ƙafarsa, to wurin ya zama wani abu daban. Akwai waɗanda suke kuka a nan. Malamin kirki zai kuma gaya muku gaskiya cewa masallacin Addas da masallacin Ku'u gine-ginen baya ne da aka yi don tunawa, ba wuraren neman tabarruki ba. Haka a masallacin Abdullahi ɗan Abbas da ke tsakiyar gari: zai nuna muku ɓangaren da kabarinsa yake, ya ce ya rasu a nan a shekara ta 68 bayan hijira, kusa da shi kuma akwai sahabban da suka yi shahada lokacin da aka yi wa garin ƙawanya a shekara ta 8, bayan yaƙin Hunaini. Hanyar Sail ɗin da ake rainawa ma tana bi ta kwarin Nakhla, inda littattafan sira suka ce aljannu sun saurari karatun Alƙur'ani a hanyarsa ta komawa Makka.

Direban shata kuwa direba ne. Zai tsaya ya nuna da yatsa ya ce "Addas", ya koma kan wayarsa. In kin dace da Bahaushe mazaunin Makka, kuma suna da yawa, hira za ta yi daɗi, sai dai ba kowanne ne ya san sira ba.

Kuɗi: a bas kujera ake biya, a shata mota ake biya. Mutum ɗaya, bas ta fi sauƙi nesa ba kusa ba. Ku huɗu kuwa ratar ta ragu, ki yi lissafi. In shata ce, a gama ciniki tun a ƙofar masauki, zuwa da dawowa, da awa nawa zai jira, da wuraren da zai tsaya.

Matsalar bas ita ce jama'a. Mutum arba'in da wani abu, kowace tsayawa sai an rasa wani, ana ta kiran waya. Sannan akwai tsayawar masana'antar wardi, inda ake nuna tukwanen tagulla da ake dafa furen a tace ruwansa da mansa. Abin kallo ne in kun je a watan Maris ko Afrilu, lokacin tsinkar fure. In ba lokacin ba ne, kanti kawai aka kawo ku, kuma a nan ake cinye lokacin da ya kamata a ba masallaci. Zuma da rumman da inabi gara ki saya a kasuwar gari.

Kada ki manta da harami. Dukkan hanyoyin biyu suna da miƙati: Ƙarnul Manazil, wato Sailul Kabir, a hanyar Sail, da Wadi Muhrim a hanyar Hada. Bas da yawa suna tsayawa a dawowa don masu son sake umara su ɗaura niyya, wanka da salla kuma suna cin lokaci ko da ba ku cikin masu yi. A Malikiyya maimaita umara a shekara ɗaya makaruhi ne, wasu mazhabobin sun halatta, don haka ki tambayi malaminku tun kafin ranar, har da hukuncin wanda zai koma Makka ba da niyyar umara ba.

Da ni ce ke, ga Mama ga yara, bas zan bi muddin aka tabbatar mini da abu biyu: jagoran yana jin Hausa, kuma an faɗi wuraren da za a tsaya tun kafin a karɓi kuɗi. Ki nema wa Mama kujerar gaba, ki tafi mata da rigar sanyi ko da Makka na tafasa. In kuwa aka ce jagoran Larabci ko Urdu kawai yake yi, ki bar musu bas ɗinsu, ku ɗauki shata, ku hau ta Hada da sassafe ku sauko ta Sail, ki kuma nemi wani ɗalibin ilimi daga cikin ayarinku ku tafi da shi.