Ofishin lauyan da na je kafin na sallami ma'aikacina

Ina sayar da atamfa da shadda a Kantin Kwari, kuma na shafe wata shida ina fama da yaron da ke riƙe mini littafin shiga da fita. Ba ya isowa shago sai hantsi ya dubi ludayi, sau biyu kuma ya rubuta bashin bandir ɗin shadda a kan wanda bai ɗauki kaya ba. Da haƙurina ya ƙare, wani maƙwabcina a layi ya nuna mini ofishin wani lauya da ke titin Zoo Road.

Tambayarsa ta farko ita ce ta sa na amince da shi. Ya ce, "Alhaji, albashi kake biyansa, ko yaron gida ne mai jiran ka ba shi jari?" Da na ce albashi yake karɓa tun shekara 3 da suka wuce, sai ya buɗe Dokar Ƙwadago a sashe na 11, ya fassara mini da Hausa. Ina da ikon sallamarsa, amma wanda ya yi shekara 2 bai kai 5 ba, haƙƙinsa ne a ba shi sanarwar mako 2 a rubuce, ko a biya shi kuɗin waɗannan makonni a madadinta. Wanda ya cika shekara 5 kuwa, wata guda ne.

Daga nan ya gaya mini abin da ban so ji ba. Kotun Ma'aikata ta Ƙasa, wadda take da reshe a nan Kano, takan nemi mai gida ya nuna dalilin kora, alhali ni duk faɗan da na yi wa yaron da baki na yi shi. Ban ma taɓa ba shi takardar sharuɗɗan aiki ba, wadda sashe na 7 ya ce a bayar cikin wata 3 da fara aiki. Lauyan ya rubuta mini takardar gargaɗi mai ɗauke da ranakun makara da kurakuran lissafi, ya kuma ce in ba yaron dama ya amsa a rubuce.

Ofishin na da aibinsa. Na yi zaman jira fiye da awa guda duk da an ba ni lokaci, kuma ba a faɗa mini kuɗin shawara ba sai da na miƙe zan tafi, abin da bai dace da ma'amala da ɗan kasuwa ba. Duk wanda zai je, ya tambayi farashi tun a waya, ya kuma tafi da littafin albashinsa a hannu.