Kamfas, takalmi ko agogo: ina mai tseren taswira zai fara zuba riyal ɗinsa?

Ɗan yayata ne ya same ni bayan sallar isha'i a gidanmu da ke Sabil, nan Jidda, ya miƙo min wayarsa. "Kawu, dubi wannan agogon. In na haɗa abin da na tara da ɗan abin da za ka sa min albarka, zai saye shi." Agogo ne mai GPS, taswira na fitowa a fuskarsa, kuɗinsa kuwa ya kai albashin wani na wata guda. Yaron ya ɗanɗani tseren taswira a Turkiyya lokacin da ya je karatu, ya dawo ya ce shi sai ya kai ga manyan gasanni. Na ce ya ja tabarma ya zauna.

Ga wanda bai san wasan ba, shi ne ake kira oriyantirin. Daga horon sojojin Suwidin da Nowe ya fito, kuma a Nowe aka yi gasar farko da aka buɗe wa jama'a a 1897. A bakin layi ake danƙa maka taswira, an zana alwatika a inda za ka tashi, da da'irori masu lamba da za ka bi ɗaya bayan ɗaya, a kowace an kafa tuta mai fari da ruwan lemo. Hanyar da za ka bi a tsakaninsu kuwa, ruwanka. Gwanaye kan gama gajeren tsere na cikin gari a minti 12 zuwa 15, matsakaici a minti 30 zuwa 35, dogon kuma yakan ci awa ɗaya da rabi.

Da agogon na fara, tunda shi ya ɗauke masa hankali. Dokar hukumar wasan ta duniya, IOF, wadda aka kafa a 1961, ba ta yarda ɗan tsere ya nemi hanya da GPS ba, kuma na'urar da ke nuna taswira a fuska ba ta shiga gasa. Ashe ke nan mai tsadar shi ne za a ce ka cire ka ajiye. Abin da kake so daga agogo shi ne ya riƙe maka sawun da ka bi, in ka dawo gida ka ɗora a kan taswira a manhajar Livelox ko QuickRoute, ka ga inda ka yi ta bulayi minti uku kana neman dutsen da ke bayanka. Mai araha ma yana yin wannan. A lokacin horo ko waya ce a aljihu ta wadatar.

Kamfas ne ya fi cin magana. Iri biyu ne a kasuwa: mai faranti, wanda ake ratayawa da igiya a wuyan hannu, da na babban yatsa, wanda ake ɗaurawa a yatsan hannun da ke riƙe da taswira. Mai faranti yana da dogon gefe da lambobin digiri, ya fi daidaito in za ka miƙe sak cikin fili mai faɗi da babu wata alama, irin filayen tsakuwa da ke bayan Riyad. Amma yana cinye maka hannu biyu, ga tsayawa kana murɗa shi. Na yatsa kuwa, taswira da kamfas suna hannu ɗaya, bakinsa na kan daidai inda kake, ido ɗaya ya ga allura ya ga taswira kana cikin gudu. Yawancin manyan 'yan wasa shi suke ɗaurawa, ni ma shi nake cewa a saya. Lissafin digiri ba ya da yawa a wannan wasa, domin layukan arewa da ke kan taswirar an ja su ne zuwa inda allura ke nunawa. Ka daidaita allura da layi, shi ke nan. Sai dai ka lura wajen oda, akwai na hannun hagu akwai na dama. Mai rubutu da dama yawanci da hagu yake riƙe taswira.

Sunayen da za ka ci karo da su su ne Silva ta Suwidin, Suunto ta Finlan, da Moscompass ta Rasha, wadda ta fi sauƙin kuɗi. Abin da kake biya a kansa saurin allura ne da natsuwarta. Ka juya shi da ƙarfi ka tsaya: ta kirki nan take za ta kafe, ta banza sai ta yi ta rawa kamar kazar da aka yanka. Sannan ka ɗan yi sassarfa da shi a hannu, ka ga ko tana zaune.

Ga wani abu da masu shago ba sa faɗa. Maganaɗisun ƙasa ba gefe kawai yake jan allura ba, yana jan ta ƙasa, kuma ƙarfin jan ya bambanta daga wuri zuwa wuri, shi ya sa ake yi wa kowane yanki nasa nauyin. Silva na rubuta MN, ME da MS, wato arewa, tsakiya da kudu. Suunto na rubuta NH da SH. In ka ga wani kamfas kuɗinsa ya faɗi warwas a intanet, duba harufan da kyau, ƙila na ƙasashen kudu ne irin Ostareliya, ya zo nan allura ta riƙa gogar gilashi. Wanda kuma yake shirin komawa gida Kano da shi, na tsakiya ya fi dacewa da can.

Kamfas ɗin alƙibla da ake liƙawa a kan darduma, wanda alhazai ke saye a Sharar Mansur su kai tsaraba, Allah ya ba masu yin sa lada, amma ba na gudu ba ne. Ba ruwa a cikinsa da zai riƙe allura. Ni kaina na taɓa yin arahar da ba ta ado: na sayi wani marar suna a wani shago, na bar shi a gaban mota da azahar a watan Agusta. Da na dawo, ruwan ya tsiyaye, kumfar iska kamar ƙwayar wake tana tura allura inda ta ga dama. Ƙaramar kumfa da kan fito in ka hau Ɗa'ifa ko Abha saboda tsayin wuri ba abin tada hankali ba ce, takan ɓace in ka sauko. Kuma kar ka zargi kamfas in ya ruɗe a kan baƙaƙen duwatsun harra da ke kewayen Madina, dutsen ne ke da ƙarfe a jikinsa.

Takalmi shi ne inda zan ce kar a yi ƙoro. Na ainihin wasan, irin na VJ, Icebug ko Inov-8, wasu suna da ƙusoshin ƙarfe a tafi. An yi su ne don jiƙaƙƙen dutse da saiwoyi masu santsi na dazukan Turai ta arewa. A busasshen dutsen Hada da Shafa da ke wajen Ɗa'ifa ba abin da ƙusa za ta ƙara maka sai ƙara da ciwon tafin ƙafa, a kan tayil ɗin cikin gari kuma sai ta kwashe ka. Mu nan abokan gabarmu ƙaya ce da tsakuwa mai kaifi da yashi. Nemi mai tafin roba da haƙora matsakaita, mai tauri a ƙasa yadda ƙayar da ke zube ƙarƙashin itatuwan kwari ba za ta huda ba, samansa kuma saƙa ce matsattsa, ba raga mai manyan idanu da za ta ɗebi yashi ba. Tafin ya kasance kusa da ƙasa. Takalman gudun titi masu tudun soso suna da daɗi a Kornish, titin bakin tekun Jidda, amma a gangaren dutse su ke gurɗe idon sawu. Ka gwada shi da yamma lokacin da ƙafa ta ɗan kumbura, da safar da za ka yi gudu da ita. In tseren lunguna kake so, irin wanda tsohon garin Balad ya dace da shi, takalmin gudu marar nauyi da kake da shi ya isa. Ranar da ka sami gurbi a O-Ringen, babbar gasar nan ta Suwidin, sai ka sayi mai ƙusa a can.

Sai ɗan katin da ake sawa a yatsa yana shaida cewa ka taɓa kowace tuta. Na kamfanin SPORTident na Jamus ya fi yaɗuwa, kuma iri-iri ne. SI-Card 8 na ɗaukar tasha 30, SI-Card 9 na ɗaukar 50, SIAC kuma 128, shi ba sai ka zura shi a ramin na'urar da ke jikin tuta ba, wucewa kusa da na'urar kawai za ka yi ya yi ƙara. Amma yana da batir da ke ƙarewa ko kana amfani da shi ko yana cikin akwati, kuma a Nowe da Finlan za ka tarar da gasanni da yawa da katin kamfanin Emit suke aiki, wanda ba ya jituwa da wancan. Masu shirya gasa suna ba da haya. Mai fita waje sau ɗaya ko biyu a shekara, haya ta fi masa.

Abin da ya fi duk waɗannan wuyar samu a nan ba a shago yake ba, taswirar ce. Ta wasan tana da nata ƙa'ida: ma'aunin 1:15,000 ko 1:10,000 a daji, 1:4,000 a cikin gari, rawaya fili ne, fari daji ne da ake iya gudu a ciki, kore sarƙaƙiya, ruwan ƙasa tudu da kwari. Kanka za ka zana wa. A cikin manhajojin zanen, OCAD ita ce ta ƙwararru, ana biya. OpenOrienteering Mapper kyauta ce kuma ta ishi mai zana unguwarsa ko wani kwari. Ka buga a firinta mai launi, ka sa a leda mai kauri, domin zufar Jidda takan mayar da takarda tuwo cikin minti goma. In za ka fita zane ko horo, riƙe igamarka, wato katin zama, da ruwa, ka nisanci duk wurin da aka kewaye da waya, ka kuma bari sai daga Nuwamba zuwa Maris, ko bayan sallar asuba.

Yaron ya yi shiru yana jujjuya wayar. Can ya ce, "To Kawu, albarkar fa tana nan?" Na ce tana nan, amma a kan takalmi za ta sauka. Ya yi odar kamfas na yatsan hagu, ranar Juma'a da sassafe kuma muka hau Hada da taswirar da ya kwana yana zanawa. Tuta ta uku, wani tsohon kallabin mahaifiyarsa da muka ɗaura a reshe, ta ci masa minti goma sha ɗaya.